Kunnen Bamanga

Duk wanda ya san Bamanga a yanzu, mai turin waƙa a waya ya sani, wanda ke zama ƙarƙashin lema a bakin titi da tsohuwar kwamfuta a cinya, a miƙa masa memori ya cika ya mayar ba tare da ya saurari ko guda ba. Ni kuwa na san shi tun lokacin da kunnensa ke ciyar da gida guda, domin shekara bakwai bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da situdiyonsa a unguwar Dawaki, cikin Gombe. Bangon ma ba na kirki ba ne, siririn bulo ne mai gidan ya jera don ya mayar da shago ɗaya biyu. Saboda haka duk waƙar da aka yi a ɗakin nan na ji ta kafin mai ita ya kai ta gida, ina so ko ba na so. Sunana Ɗantala, tela ne ni, kuma ban iya waƙa ba ko ta rarrashin yaro.

Shi Bamanga Bafulatani ne na wajen Dukku, a ruga aka haife shi. Addarsa, wato yayarsa, ta taɓa gaya mini cewa tun yana ɗan shekara bakwai, in saniya ta yi kuka a bayan tudu zai faɗi sunanta, ya kuma faɗi ko ƙishi take ji ko ɗan maraƙinta take nema. Da ciwo ya shiga garken ya kusa ƙarar da shi, sai mahaifinsa ya turo shi Gombe wajen wani bappansa mai gyaran rediyo. A nan ya koyi dalma da waya. Daga nan ya koma ɗaukar lasifika zuwa gidajen biki da wuraren maulidi, har ranar da ya ga kwamfuta a hannun wasu mutanen Jos da suka zo ɗaukar waƙoƙin coci. Shi ke nan, ba a sake jin kansa ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya manna soso da kwalayen ƙwai a bango, ya rubuta sunansa a ƙofa da jan fenti. A 2009 ke nan, shekarar da ya auri Yelwa.

Mutum ne siriri, marar magana, in ka miƙa masa abinci sai ya ce ya ƙoshi ko da kana jin kukan cikinsa. Amma a kan sauti ba shi da kara ko kaɗan. Wata rana ina tsakiyar ɗinkin sallah ya leƙo shagona ya ce, "Hamma Ɗantala, allurarka ta lanƙwashe." Hamma yake kirana, wato yaya da Fulatanci. Na ce ta ina ka sani, kai da ko maɓalli ba ka iya ɗasawa ba? Ya ce tana gogar ƙarfe, tun safe take shigar masa cikin waƙa. Na ciro allurar don in ƙaryata shi, na kwantar da ita a kan gilashin tebur, sai ga ta kuwa ta ɗan karkace. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa.

Shi ya fara gaya mini sunan abin nan da ya zo ya zame masa jaraba, wai ikwalaiza. Ba ƙarfe ba ne da za ka taɓa da hannu, wata 'yar manhaja ce da ake cusa wa babbar manhajar haɗa waƙa, su a bakinsu fulogin suke cewa. Da ya ga na yi sororo sai ya ce ai aikina ne. Murya kamar riga take, tana da ƙasa mai kauri, tana da tsakiya, tana da sama mai siriri. In ta yi yawa a wani wuri ka rage, in ta matse ka saki. Na ce ashe duk ɗaga kan nan da kake yi mana, gyaran riga kake? Ya yi murmushi, wanda a wajensa shi ne dariya.

Guda ɗaya yake aiki da ita a lokacin, wata tsohuwa mai launin toka da abin murɗawa huɗu, ba hoto ba fitila. Goggo yake kiranta, wai don ba ta da ado amma ba ta ƙarya. Abokan sana'arsa na Kano da Jos kullum cikin aiko masa da sababbi suke, masu walwali kamar motar amarya, ya gwada na yini ɗaya ya goge. Ya kan ce, "Duk ikwalaiza ɗaya ce, Hamma. Kunne ne daban." In zai yi aiki rufe ido yake, ya karkata kai, ya murɗa kaɗan, ya dawo da ita kaɗan, sai ka ji muryar da ta shiga ɗakin a shaƙe ta fito tar. Masu waƙar biki, masu bege, masu waƙar siyasa, mawaƙan coci daga Billiri da Kaltungo, kowa layi yake bi a kan bencina, suna tare mini ƙofa. Har Titus, mai kaɗa fiyano a wata coci ta unguwar Federal Low-Cost, wanda ban taɓa jin ya yabi ko abincin matarsa ba, ya ce kunne irin wannan ba a samun biyu a gari ɗaya.

Sai shekarun tashin hankalin nan suka shigo. Ba sai na tsaya ba da labari ba, duk wanda ya zauna Gombe ya san su: shingen sojoji, sauka daga babur a tura, dokar hana fita, mutanen Barno da Yobe suna sauka daga mota da ƙullin kaya a ka. Biki ya koma ɗaurin aure da hantsi, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Aiki ya ragu ƙwarai. Duk da haka Bamanga bai rasa na cefane ba, don ɗan abin da ya rage wajensa yake zuwa.

A ƙarshen 2014 ya je tashar mota ya ba wani direba saƙon faifai. Ya ba da, ya juyo, bai yi taku ashirin ba bam ya tashi. Mun ji ƙarar daga Dawaki, har almakashina ya faɗo daga tebur. Bayan kamar awa guda sai ga shi a ƙafa, takalmi ɗaya, rigarsa da jinin da ba nasa ba. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Muka yi ta hamdala, Yelwa ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Na ce ya zo mu je asibiti a duba shi, ya ce asibiti yau na waɗanda suka rasa ƙafa da hannu ne, shi da wane ido zai je ya tsaya ya ce kunnensa na ƙugi? Maganar ta yi mini daidai a ranar, kuma har gobe ina cizon yatsa a kanta. Bayan mako biyu ya ce ƙugin ya daina, ya buɗe shago.

Ni na fara ganewa, ta bango. Waƙoƙin da ke fitowa daga ɗakinsa suka fara kaifi. Mace ta ɗaga murya sai ka ji ta soki kunne, kacau-kacau ya shigo sai ka ce ana zuba ƙusoshi a faranti. Daga baya ne na fahimci abin da ke faruwa. Saman nan mai siriri da ya koya mini, shi ne ya ɓace masa. Yana jin ganga, yana jin maganar maza, yana jin kiran salla, amma siririn sauti ya daina isa gare shi. Sai ya yi ta ƙara shi har ya ɗan jiyo, kuma kafin ya jiyo mu ya gama tsaga mana kai.

Na gwada shi, Allah ya yafe mini. Na bar keken ɗinkina ba mai har kwana biyar, yana tsuwa kamar ɓera a tarko, ni kaina haƙorana har tsami suke. Bamanga ya wuce ta ƙofata sau nawa a kwanakin nan, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya shige. A rana ta shida na zuba mai, na zauna na kasa ɗinki.

To me ya hana ni gaya masa? Abin da ya hana kowa. A wajenmu ba ka duban tsabar idon magidanci mai 'ya'ya biyu ka ce masa abin da yake ci da shi ya mutu. Shi kuma Bafulatani ne na ƙwarai, ko ƙaya ta soke shi takawa zai yi ya wuce don kada a ce ya yi raki. Masu waƙa su zo karɓar aiki, su saurara suna runtse ido, su ce, "Oga, ya yi, wallahi ya yi." Su karɓi faifai, su yi godiya har da durƙuso, su zarce unguwar Malam Inna wajen wani sabon situdiyo a sake musu. Ina zaune ina kallonsu, ina tsine musu a zuci, alhali ni ne babbansu. Da kara muka kashe mutumin nan, mu duka.

Shi ma ai ba wawa ba ne, ya ga waɗanda suka tafi ba sa dawowa. Kuma ya san wani abu ya canza, don ya ce mini sauti ya dushe, kamar an rufe lasifika da bargo. Amma sai ya ɗora wa Goggo laifi. Wai ƙwayar cutar kwamfuta ta shige ta. Ya goge ta, ya sake sawa, ba canji. Ya wanke kwamfutar gaba ɗaya har sau biyu. Ya canza lasifika, ya canza wayoyi. Daga nan mutumin da ke cewa duk ɗaya ce ya shiga farautar ikwalaiza kamar mai neman maganin haihuwa. Ya yini a shagon intanet yana sauke wannan, ya kira Kano a aiko masa da waccan a filash. Akwai wata ja mai kama da tsohuwar rediyo, wai tana sa murya ɗumi. Akwai wata da aka ce irin ta manyan situdiyon Turai ce. Akwai wata mai layi talatin da ɗaya, kowane da abin jansa, ya yi mako guda yana ja yana saki. Kowace in ya sa, kwana biyu na farko sai ya ce ya samu, a na uku ya koma neman wata.

Wata rana bayan azahar ya kira ni ciki. Ya sa baiti ɗaya na wata waƙar amarya, ya bi da shi ta ikwalaiza uku, ɗaya bayan ɗaya.

"Useni, don Allah Hamma, saurara da kyau. Wacce ta fi haske?"

Duka ukun yankan kunne suke. Na dube shi, ya rame, ya zuba mini ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. A nan ya kamata in faɗa. Ɗakin ba kowa, soso ya toshe ko'ina, ko ihu na yi ba mai ji.

Na ce, "Ta biyu."

Ya ce shi ma ita ya zaɓa, ya yi mini godiya. Na koma shagona na ɓata wuyan rigar mutane.

Titus ne kaɗai ya kusa faɗa. Ya kawo waƙoƙin Ista na mawaƙan cocinsu, ya dawo karɓa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa. Ya saurari rabin ta farko ya ɗaga hannu. Ya ce, "Maigida, gaskiya dai, saman nan ya yi oba, ya wuce kima. Yana cizo fa." Bamanga ya ce lasifikar ce. Titus ya dube ni, ni kuma na dubi ƙafafuna. Titus ya karɓi aikinsa ya tafi. Amma washegari ya dawo da filash a aljihu, ya zauna da kansa ya sa masa wata sabuwar ikwalaiza. Ita wannan ba murɗawa kawai ake yi ba, zana sautin take a allo. Waƙa na tafiya, wasu tuddai masu haske na tashi suna sauka, kauri a hagu, siriri a dama, duk abin da ya yi yawa ka gan shi ya yi tsini.

Titus yana ta murna da kyautarsa, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Ka gani ko? Da wannan ai ko kurma zai iya miksin ɗin waƙa."

Titus ya kama bakinsa, zufa ta karyo masa. Bamanga bai juyo ba, yana dai kallon tuddan nan na rawa a allo. Har yau ban sani ba ko bai ji ba ne, ko kuwa ya ji.

Bamanga ya sa wa sabuwar suna Mai Ido. Ya tono tsofaffin ayyukansa na lokacin da duniya ke kwance, ya sa su ɗaya bayan ɗaya, yana kallon siffar da suke yi a allo, yana zanawa a takarda da biro. Ya manna takardun a bango. Duk sabuwar waƙa sai ya lanƙwasa ta har ta yi kama da zanen. Ya kuma kafa wa kansa doka ɗaya: duk abin da ya ga ya yi tsini shi kaɗai a can dama, datti ne, a yanke. Mutumin da ke rufe ido in zai yi aiki ya koma ƙura wa allo ido har su kaɗa su yi ja. Kuma abin ya ɗan yi. Waƙoƙin suka daina cizo. Ba su da daɗin da, kamar miyar da aka manta gishiri, amma ana iya sha. Mutum biyu uku suka dawo. Ranar da wani mai bege ya kawo masa aiki na biyu a jere, Bamanga ya shigo shagona da fura a leda, ya ce, "Na samu wadda nake nema, Hamma." Na sha furar, na taya shi murna, har na fara yarda cewa shirun da muka yi ya yi rana.

A haka wata mata, Ya Hassana, ta same mu, a daminar 2016. 'Yar Barno ce, daga wani gari na wajen Bama, tana zaune a Malam Inna gidan ɗan'uwan mahaifiyarta, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa. Ni ke ɗinka mata ƙananan jakunkunan da take zuba shi. Mijinta Zarami mai wankin hula ne. Ranar da aka shiga garinsu ya ce ta ɗauki goyo ta yi gaba, shi zai ɗauko tsohuwarsa ya biyo su. Bai biyo ba, kuma ba wanda ya ga gawarsa. Hoto ba ta fito da ko ɗaya ba. Abin da ta fito da shi memori ne, ƙulle a bakin zane, a cikinsa akwai muryar Zarami ta minti biyu da 'yan kai, ranar da ya sayi sabuwar waya yana gwada ta, yana kiranta yana tsokanarta a kan shayi ya yi sanyi.

Ta ce mini, "Malam Ɗantala, yarinyar da na goyo ta fara tambayar babanta. Na sa mata, ta ce ita inji take ji. Maƙwabtanmu suna markaɗe a lokacin, ga iska. An ce akwai masu cire ƙara a bar murya. Ina so ta ji babanta ko sau ɗaya, yadda yake."

Na ce mata ai ta zo gida, bayan bangon nan akwai wanda babu kamarsa a Gombe. Na san maganar ta daina zama gaskiya tun kusan shekara biyu. Na faɗa ne don ina so ta zama gaskiya, kuma don ina so ya ji an zo nemansa da suna kamar da.

Bamanga ya karɓi memorin da hannu biyu. Ya kwafi na asalin ya ajiye gefe, kamar yadda ya saba tun farkon sana'arsa, sannan ya rufe ƙofa ga kowa har kwana uku. Injin markaɗen ya gan shi a hagu, ƙaton tudu, ya bi shi a hankali ya rage. Iskar ma ya gan ta ya kwantar. A rana ta uku ya kira ni ya nuna mini wani ɗan tsini siriri a can dama, da ke tasowa ya ɓace, sau biyar cikin minti biyun.

Ya ce, "Ka ga wannan? Tsuwar waya ce. Ƙananan wayoyin nan haka suke. Na cire ta."

Ya sa mini aikin. Wallahi murya ta fito, muryar namiji mai fara'a, kamar yana zaune a ɗakin yana Barbarci. Ban san me yake cewa ba ban da sunan matarsa, amma tsigar jikina ta tashi. Na ce masa Bamanga na da ya dawo. Wannan karon ba kara na yi ba, iyakar abin da na ji ke nan, don ni ban taɓa sanin Zarami ba.

Ta zo bayan la'asar, ita kaɗai, ta ce sai ta fara ji kafin ta kawo yarinyar. Ta zauna a bakin kujera ta sunkuyar da kai. Bamanga ya kunna, ya koma gefe ya harɗe hannu. Minti biyun suka ƙare, ba ta motsa ba. Sannan ta ɗago.

"Sannu da aiki, Malam. Amma wannan murya ba nashi ba ne."

Bamanga ya matso yana kallon bakinta. "Na'am?"

"Na ce ba shi ba ne. Maganar nashi ne, amma ba shi ba ne."

Macen da ta yi kwana huɗu a daji da goyo a baya ba ta da sauran kara da za ta yi wa kowa. Ta ce Zarami wushirya gare shi, babba. In ya kira sunanta, yana zuwa tsakiya sai ɗan fito ya fita ta tsakanin haƙoransa. Tun daga bakin layi da shi take gane ya dawo. Tsohuwarsa da shi take tsokanarsa, abokansa da shi suka sa masa suna. Ta ce, "Shi nake so yarinyar ta ji. Ina ka kai shi? Sa mini na da."

Ya buɗe na asalin. Injin markaɗe ya cika ɗakin, iska na bugawa, can ƙasa namiji na dariya. Sai ya kira sunan.

Ta miƙe tsaye. "Ga shi nan! Ka ji?"

Na ji. Ɗan fito ne siriri, gajere, in ba a gaya maka ba sai ka wuce shi, in an gaya maka kuma ba za ka sake jin komai ba sai shi. A allon Mai Ido, ɗan tsinin nan na dama ya taso ya koma.

Bamanga ya mayar baya ya sake sawa. Ya ƙara sauti har kwalayen bango na karkarwa. Ta ce, "Ga shi kuma! Ka ji ko?" Ya ɗauki hedifon ya sa, ya danne shi da tafukansa biyu, ya rufe ido, ya karkata kai yadda yake yi a da. Rabona da in ga ya rufe ido a gaban kwamfuta har na manta. Muka tsaya muna kallonsa. Sau biyar Zarami ya kira matarsa, muna jiyowa daga cikin hedifon ɗin saboda tsabar ƙara, kuma fuskar Bamanga ba ta motsa ba ko sau ɗaya.

Ya cire ya ajiye a hankali.

"Ban ji ba, Ya Hassana."

"To ka sake sawa mana."

"Ko na sake ba zan ji ba. Tun ranar tasha ba na jin irin wannan."

Shi ne karon farko da maganar ta fito daga bakin wani. Ya juyo wajena. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Hamma, kai kana ji?"

Na ce ina ji.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun watan da ya sake buɗe shago. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa, bai ce don me ban gaya masa ba.

Sannan ya ja kujera ya buɗe aikin da ya yi kwana uku a kai. Ya kama wurin da ya yanke, ya ce wa Ya Hassana, "Zan riƙa dawo da shi kaɗan-kaɗan. In ya kai yadda kika san shi, ki ɗaga mini hannu." Ya fara ja, idonsa ba ya kan allo, yana kan hannunta. Ya ja, ya sake sawa, ya ƙara ja. Can sai ta ɗaga hannu, ta sa ɗayan ta toshe baki, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana kuka tana kiran sunan mijinta. Babu inji, babu iska, ga Zarami da fitonsa. Shi ne aiki mafi kyau da ya fito daga ɗakin nan tun ranar tasha, kuma da kunnen wata aka yi shi.

Da ta tafi ya zauna yana kallon jerin ikwalaizar da ya tara cikin shekara biyu, sun fi ashirin. Ya bi su yana gogewa, ja da mai layi talatin da ɗaya da ta Turawa, har Goggo. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ai na gaya maka tun da, Hamma. Duk ɗaya ce."

Kafin mako ya zagayo ya ɓamɓare soson bango. Titus ya kai shi asibiti, abin da ya kamata mu yi tun ranar farko, likita ya ce an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wani mai sayar da buhunan masara ya kama shagon. Yanzu in allurata ta lanƙwashe sai yadi ya tattare nake sani.

Ina zuwa wajensa a bakin titi jefi-jefi, in zauna a kan benci, ya riƙa kallon bakina in ina magana. Ba ya zancen situdiyo, ni ma ba na yi. Waƙa dubu nawa ce a kwamfutar nan, yana tura wa mutane daga safe zuwa yamma, ba ya buɗe ko ɗaya. Amma Mai Ido bai goge ta ba, kuma bai goge muryar Zarami ba. Ran nan na same shi ba ciniki, hedifon a kai, yana kallon allo, ɗan tsinin nan na tasowa yana komawa. Da ya gan ni bai ɓoye ba. Ya cire hedifon ɗin ya miƙo mini, ya mayar da muryar baya, ya zuba wa fuskata ido.

"Hamma, har yanzu yana nan?"

Na saurara, Zarami ya kira matarsa.

Na ce, "Yana nan."

Ya gyaɗa kai, ya karɓa ya mayar a kunnensa, ya sake kunnawa.